Tiyon Surukin Bawa

Shekara ashirin da bakwai Bawa ya yi yana shimfiɗa bututun ruwa a Gusau, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa kwana a gidan da ke da famfo ba. Ya fara da diga da shebur yana lebura, ya kai ga riƙe sufana, har ya zama shi ne wanda helma, shugaban ma'aikatan, ke aika wa kira idan ruwa ya ƙi hawa gidan wani babba. A boko bai san ko bihim ba. Amma miƙa masa guntun bututu ya zura yatsa ciki, zai faɗa maka incinsa, ya faɗa maka gida nawa zai iya shayarwa kafin ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya tsira da shi daga aikin bai taka kara ya karya ba: takardar sallama, da ƙugu da ya ƙi miƙewa, da sufana guda wadda ya ce mantawa ya yi bai mayar ba.

A shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira ya tattara komatsansa ya koma gida, wata 'yar unguwa mai gidaje goma sha a gindin dutsen Kwatarkwashi. Ya koma ne don ya huta. Sai ga shi a shekarar ce damina ta leƙo ta juya. Gero ya bushe a tsaye, awaki suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya suka dawo a matsayin kwanon hatsi, rijiyar unguwa kuma ta kai inda in ka jefa guga sai ya fito maka da laka. Mutumin da ya kai wa rabin Gusau ruwa ya zauna a ƙofar gidansa yana auna ruwan alwala da ido.

Ruwan da ya rage a sama yake. Can bisa dutse akwai wani kwarmi, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, inda ruwa ke tsattsafowa daga wata tsaguwa dare da rana. Ba shi da yawa, amma bai taɓa ƙafewa ba. Nan matan unguwa ke hawa da tuluna, su jira layi, su kwalfi ruwa da ƙoƙo.

Cikinsu har da Shafa'atu, matar Bawa. Shekararsu ashirin da biyar tare. Ta haifi bakwai, ƙasa ta karɓi shida, saura Lami, 'yar fari, wadda ke aure a Gusau. Don haka babu wanda za a aika. Kowane gida na fama da ƙishirwarsa, shi kuma Bawa ko buta ya ɗauka cike sai ƙugunsa ya tuna masa da diga. Shafa'atu ke hawa, safe da yamma, da gwiwoyin da suka kumbura har zane ba ya ɓoye su. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, kuma wannan ya fi ƙona masa rai fiye da in da tana yi. Daga inda yake zama yana hango ta. Da farko sau ɗaya take hutawa kafin ta kai. Kafin sanyi ya wuce ta koma hutawa uku, kuma ta ukun tana daɗewa har ya miƙe tsaye yana leƙe.

Wata safiya ya ɗauki sanda da igiya da ƙaramin ƙoƙo ya bi bayanta. Rabin hawan da rarrafe ya yi shi. Da ya isa, ya tara ƙoƙon a bakin tsaguwar, ya ciro carbinsa ya fara ja. Carbi ya zagayo, ƙoƙo ya cika. Ya zubar a tulun matarsa ya sake, ya sake, sau biyar, lissafin bai canza ba. Sannan ya duba leɓen dutsen da ya tare kwarmin ta wajen unguwa, tsawonsa kamar tsayin mutum, dutse ne sulɓi wanda ko gudumar maƙera ba za ta yi masa komai ba. Ya auna gangaren da igiya har gindin tsamiyar da ke bayan gidansa. Yadi tamanin.

Abin da ke ransa ba sabo ba ne gare shi. In ka cika tiyo da ruwa, ka tsoma baki ɗaya a kwarmi, ka haurar da shi bisa leɓen, ka saki ɗaya bakin can ƙasa, nauyin ruwan da ke gangarawa shi zai riƙa zuƙo na sama. Ba inji, ba mai, ba hannun kowa. Sai dai abin yana da sharaɗi guda, kuma Bawa ya koye shi ne da wahala, shekarun baya, a bakin gulbi a Bungudu, inda suka yi kwana tara suna zagin wani injin ban ruwa alhali laifin na bututu ne. Faɗin tiyo sai ya yi daidai da ruwan da ke shiga. In ruwan kaɗan ne, tiyon ya zama siriri, yadda ruwan zai cika shi fam, iska ta rasa inda za ta raɓe, ko ta shiga ma a tura ta gaba har ta fita. In tiyon ya yi faɗi, ruwa ya bi ƙasa, iska ta kwanta a bisansa, ta taru a doron da ya haura leɓen, ta yanke jan. Ruwan ƙoƙo guda a zagayen carbi guda, kwatan inci yake so, irin siririn nan na fetur ɗin mota.

Da ya gama yi wa Shafa'atu bayani, tana zaune tana shafa man kaɗanya a gwiwa, sai ta ce, "To Malam, ina za ka samo shi? Akuya guda ta rage muna."

"Allah na nan."

"Allah na nan, mijin ɗiyarka ma na nan. Ka aika mai."

Bawa ya yi kamar bai ji ba. Rabi'u, mijin Lami, ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gurzar auduga a Gusau, yaro mai ladabi har ya yi yawa. Shekara shida da auren, Bawa bai taɓa ganin ƙwayar idonsa ba, bai taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa cin abinci a inuwa ɗaya ba. Haka ake yi, haka kuma ya kamata. Ta wajen Lami ma hanya a rufe take, don 'yar fari ce, tsakaninta da ubanta sai gaisuwa daga bayan zana. Mutum ya buɗi baki ya roƙi surukinsa? Mako guda ya yi yana juya maganar. A rana ta takwas ya ga Shafa'atu ta huta sau huɗu, sai ya aika aka kira masa Yari.

Yari abokinsa ne tun na ƙuruciya, ɗan kasuwar goro mai bin motoci tsakanin Tsafe da Gusau, mutum mai baki kamar an jiƙa. Bawa ya yanko sillen kara, ya feƙe shi daidai faɗin da yake so, ya damƙa masa.

"Ka ba yaron nan wanga. Ka ce ramin tiyon shi zan daidai da shi. Kada shi hi haka ko da ƙwayar gero. Yadi tamanin. Ka ji ni da kyau, Yari?"

"Na ji, injiniya. Wanga abu awa hanjin kaza, shi za ya shayar da gari?"

"Kai dai kai saƙo."

Yari ya kai saƙo, kuma ya kai shi daidai, wannan ba a ɗora masa. Bayan kwana goma sha biyu, ranar wata Lahadi da hantsi, aka ji jakuna biyu sun shigo unguwa daga bakin titi, ɗauke da wani baƙin abu a naɗe, kowane naɗi ya kai girman bakin rumbu. Yari na gaba yana ta washe baki. Rabi'u na baya, ya tuɓe takalmansa tun daga gindin tsamiya, ya zo ya durƙusa nesa da tabarmar Bawa, kansa a ƙasa. Kafin a sauke kayan unguwa ta cika. Mata suka leƙo ta kan danga, wata ta rangaɗa guɗa.

Bawa ya dubi bakin tiyon. Bai buƙaci zura yatsa ba. Inci biyu ne, hannun jariri zai shige ciki.

Yari ya gyara murya don kowa ya ji. "Jama'a, ku shaida. Na kai mai ɗan karan da Bawa yab ba ni. Yaron ga yad dube shi, yac ce, Baba kunya yaj ji, ba ya son ɗora min nauyi, shi as sa yan nemi ƙarami. Yac ce in ni ɗan halas na, ba ni kai ma Baba abin da za a yi mai dariya. Kun san mi yay yi? Kekenai yas saisuwa. Keken da yaka zuwa aiki da shi. Yac ce a ba shi wanda yaf hi kowane girma cikin shagon."

Aka ɗauki salati da sa albarka. Liman ya ɗaga hannu. Kuma gaskiya, wa zai ga laifin yaron? Duk ƙasar nan haka aka sani: babba in zai nema sai ya rage, na ƙasa in zai bayar sai ya ƙara. Dattijo ya ce a ba shi loma, ɗan kirki ya kawo malmala. Ba wanda ya taɓa gaya wa Rabi'u cewa akwai abin da ƙarinsa ɓarna ne. Haushi da tausayi suka cakuɗe wa Bawa, har ya rasa wanne ya fi. Idon unguwa duka na kansa. Ya dubi gefe, kamar yadda ake yi, ya ce, "Allah shi yi albarka. Allah shi ba da masu yi mai."

A ranar aka shimfiɗa shi. Maza suka ja shi bisa dutse, Bawa na nuna musu inda za su buga turaku a tsaguwa su ɗaure da robar taya don kada ya zame. Aikin ya yi kyau, don hannun Bawa bai iya mummunan aiki ba ko da zuciyarsa ba ta ciki. Sai maganar cikawa. Siririn da ya nema buta biyu za ta cika shi. Wannan garwa takwas ya sha. Matan unguwa suka haƙura da ruwan wunin, aka ɗura masa. Da aka cire toshiyar ƙasa, ruwa ya yi tsalle ya daki gindin tsamiya da ƙarfin da ba a taɓa gani ba, aka yi ta sowa, tsofaffi na wanke fuska. Rabi'u ya ga wannan da idonsa. Ya durƙusa ya yi sallama, ya kama hanyar titi don kada motar Gusau ta wuce shi. Bai kai bakin titi ba kwarmin ya ƙare, tiyon ya yi wani gurnani, ya yi tari biyu, ya yi shiru.

Bawa bai yi mamaki ba, gajiya kawai ya ji. Duk da haka bai saki ba. Ya samo totuwar masara ya huda ta da ƙusa, ya toshe bakin ƙasa da ita don ruwan ya riƙa fita kaɗan-kaɗan daidai da yadda yake tsattsafowa. Aka bar kwarmi ya taru, aka sake ɗura garwa takwas. Wannan karon ya yi aiki tun safe. Shafa'atu ta tara tulunta a gindin tsamiya, a tsaye a kan ƙasa mai laushi, ta cika shi, ta dube shi ta yi dariya irin wadda ya daɗe bai ji ba. Da rana ta take, baƙin tiyo ya yi zafi, iska ta taru a doron nan kamar yadda ya sani za ta taru. Kafin azahar ɗigon ya tsaya.

Sau uku matan unguwa suna ba da ruwan wuninsu. A na huɗu Mairo, maƙwabciyarsu, wadda ba ta iya ɓoye magana ba, ta ce daga bayan danga, "Malam Bawa, ka yi haƙuri. Ɗiyanmu na jin ƙishirwa. Ba mu iya shayar da su mu shayar da macijinka." Bai ji haushinta ba. Da shi ne ma abin da zai faɗa ke nan.

Ranar kasuwar Tsafe ya bi Yari, ya sha wuyar mota, ƙugunsa na amsa kowane rami. A layin masu kayan mota ya ga abin da yake nema a rataye, siriri, sabo, naɗi guda. Ya shafa shi kamar mai shafa kan jika. Ya ja mai rumfar gefe, ya yi ƙasa da murya, ya tambaye shi ko zai karɓi babba, inci biyu, yadi tamanin, ya ba da wannan.

Mai rumfar ya ce, "In karɓa mana, har in yi maka ciko. Tsaya. Ba dai wanda ad bisa dutsen Kwatarkwashi ba? Wanda aka hangowa daga titi? Ashe kai na surukin! Kai, Baba, ka yi dace. Direbobi duk labarin yaron nan sukai. Wai har kekenai ya saisuwa."

Bawa ya mayar da tiyon inda ya ɗauko shi. Ya ce a'a, wani ne daban, tambaya kawai yake yi. A hanyar komawa Yari, wanda ya ji komai, ya matso kusa da shi a cikin mota. Ya ce, "Kayan suruki cikin kasuwa, Bawa? Da wane ido yaron zai hita gari?" Bawa ya ce ya sani. Akuyar da ta rage kuwa ba ta kai kuɗin siririn ba, ya riga ya sa an taya ta.

Bayan kwana shida Shafa'atu ta zame a gangaren. Tulu ya fashe, gwiwar hagu ta bugi dutse, mata biyu suka sauko da ita a kafaɗa. Kwana uku tana kwance, Mairo na raba musu nata ruwan. A rana ta huɗu Bawa ya yanko wani sillen karan, ya feƙe, ya saka a aljihu. Ya ce mata Gusau za shi, zai faɗa wa yaron da bakinsa, kunya ta yi abin da za ta yi.

Ya isa gidan da la'asar. Lami ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta ajiye ruwa da fura, ta gaishe shi daga bayan ƙofa. Yana zaune yana maimaita maganar a ransa, gajeriya ce, bai fi numfashi biyu ba: wanda ka saya ya yi girma, a mayar a karɓo irin wannan. Can sai ga Rabi'u ya dawo daga aiki, a ƙasa, tafiyar mil uku cikin zafin bazara. Rigarsa ta jiƙe ta manne a baya, audugar ma'aikata ta maƙale a gashinsa, wuyansa ya zurma. Da ya hangi wanda ke zaure sai ya tuɓe takalma da sauri, Bawa ya ga dugadugansa duk sun tsage. Ya durƙusa a bakin ƙofa. Aka yi gaisuwa, aka tambayi gida, aka tambayi zafi, aka sake tambayar gida.

Sannan Rabi'u, kansa a ƙasa, cike da murna, ya ce, "Baba, ruwan na zuwa dai? Inna ta huta da hawan dutse?"

Hannun Bawa na cikin aljihu, yana riƙe da karan. Ya ji Lami ta tsaya da motsi a bayan ƙofa, ita ma tana jira. Ya buɗe baki. Ya dubi ƙafafun nan.

"Yana zuwa," in ji shi. "Allah shi yi albarka."

Washegari da hantsi ya sauka a bakin titi, ya taka zuwa gida a hankali, hannu wofi. Shafa'atu na zaune a tsakar gida ta ɗaure gwiwar da tsumma. Ta dubi hannuwansa, ta dubi fuskarsa.

"Ka hwaɗa mai?"

Bawa ya zauna a kan turmi. Ya ce, "Yaron ya rame."

Ta jawo sabon tulun da Mairo ta ara mata, ta naɗa gammo, ta dafa bango ta miƙe. Ya ce ta bari, zai roƙi wani, zai gwada da kansa ko da rabin tulu ne. Ta ce in ya faɗi can sama wa zai sauko da shi, ita?

Ya bi ta har gindin tsamiya. A nan ta tsaya ta dubi gangaren, ta goya tulun a baya da zane maimakon ta ɗora a ka. Sannan ta sunkuya ta kama baƙin tiyon da hannu biyu, ta jijjiga shi. Turakun Bawa ba su motsa ba. Ta ja jikinta sama taki ɗaya, ta matsar da hannu, ta sake ja, ƙafar hagu na biyo ta a baya. Kaurinsa ya cika tafin hannu daidai. Da siriri ne da ya yanke ta.

Ta yi kamar taki goma sannan ta tsaya tana haki, ba ta juyo ba.

"Malam."

"Na'am."

"In ya sake tambaya, ka ce mai kullum da shi nika samo ruwa. Ba ka yi ƙarya ba."

Bawa ya tsaya riƙe da bakin tiyon na ƙasa, busasshe, yana jin yadda yake motsi a hannunsa duk lokacin da ta ja.